Kukan Ummu Midhat Kai Tsaye

Ranar da aka tsamo Midhat daga kogi, kafin a yi masa wanka ma duniya ta riga ta san fuskar uwarsa.

Jirgin fiton da ke tsallakar da masu aikin gonakin lemo ne ya kife da sassafe. Midhat ya iya ruwa, har ya kai gaɓa, sai ya ji kururuwar 'yan matan da ke tsinkar lemo, ya koma. Ya fiddo waɗanda Allah ya ba shi iko, a komawar ƙarshe shi bai fito ba. Kafin azahar layinmu ya cika da samari, kowa da waya a bakin sanda, kowa ɗan jarida ne. Wani ya hau rufin adaidaitar mutane don ya leƙa ta taga, wani ya tare mai wankan gawa yana tambayarsa yadda yake ji a ransa.

Tamir ne ya kore su, ƙanen mamacin. Ya tsaya a bakin ƙofa idanu jajur, ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga waya sai ya fasa ta, su ba su da iyaye ne? Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka, ana cewa ga wanda ya san mutuncin gidansu. Ya ja ƙofa ya sa sakata. Sannan ya wuce ɗakin uwarsa, ya zaro tasa wayar.

Shi ma ai ɗan jarida ne, na gaske ma, da takardarsa ta jami'a. Jaridar da ya fara yi wa aiki ta daina fitowa, yanzu yana wani shafin labarai da ba a ganinsa sai a waya, inda kullum da safe shugabansu yake tara su ya nuna wanda aka fi kallon labarinsa, ya wanke sauran tas.

Uwar, sunanta Insaf, amma ba mai kiranta da shi, Ummu Midhat kowa ya sani. Tana zaune a ƙasa, Abir matar mamacin ta kifa kai a kafaɗarta, 'yar jikarta Sundus kuma, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta gaji da kuka ta yi barci a cinyarta. Da ta ga waya a gabanta, ta ɗauka 'yar'uwarta ta Kuwait ya kira mata.

"Yi magana, Mama. Faɗi wane ne Midhat."

Ta faɗa kuwa. Ta kira sunansa, ta mari kumatunta, mayafinta ya zame, furfurar da ba namijin da ya taɓa gani sai marigayi mijinta ta fito fili. Washegari wata maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ita, ta buɗe waya ta nuna mata kanta. Ta ce har a Iskandariyya an gan ta, 'yarta da ke can ita maƙwabciyar ta bugo mata tana kuka. Ummu Midhat ta daɗe tana kallon tsohuwar nan mai buɗaɗɗen kai kafin ta yarda ita ce.

Da ta yi wa Tamir magana, sai ya durƙusa ya sumbaci hannunta. Ya ce don a yi musu gada ne. Hukuma ba ta jin kukan kowa sai wanda aka gani. Tana so jinin Midhat ya tafi a banza, gobe wani jirgin ya sake kifewa da 'ya'yan mutane? Ba ta so. Ta bar shi ya ci gaba.

Daga nan fa aiki ya samu. Gidan irin namu ne, uwa a ƙasa, kowane ɗa ya aza nasa benen a sama idan zai yi aure. Kullum da hantsi Tamir zai sauko daga na can sama, matarsa Nirmin tana biye da wata fitila mai zagaye kamar faifai. Nirmin ce mai gyara wuri. Ita ke cewa a ɗauke sabon labule a mayar da tsohon, a matso da hoton Midhat kusa, kuma Hajja kada ta wanke fuska tukuna, kumburin idon nan ya fi fitowa. Baƙar rigar da ta koɗe ita take zaɓa mata. Idan masu gaisuwa suka zo, sai a tsayar da su a tsakar gida da ƙoƙon gahawarsu marar sukari a hannu, har a gama.

Ido kuwa ba rijiya ba ne. Da kwanaki suka ɗan ja, hawaye suka ƙafe, tsohuwa ta koma zama shiru tana jan carbi, wanda shi ne kukan da ya fi ciwo, amma ba ya kamuwa a waya. Tamir ya gwada tambayoyi, ba ta motsa ba. Sai ya hau ɗakin Abir ya sauko da rigar aikin Midhat da ba a wanke ba, ya jira Nirmin ta kunna fitila, sannan ya ajiye wa uwarsa a cinya. Warin gumin ɗanta da na ɓawon lemo ya bugi hancinta. Ta yi kukan da har ta shiɗe. Shi kuwa yana tsaye yana yi wa matarsa alama da yatsa ta matso da hasken ta gefen hagu.

Ga ta da ciwon sukari. Sau nawa lokacin abincinta yake wucewa suna jiran hanyar sadarwa ta daidaita. Ƙafafunta suka kumbura saboda zaman kujera. Abin da ya riƙe ta a duniya a kwanakin nan Sundus ce. Yarinyar ta dawo kwana a bayanta, da safe ta tashe ta su jiƙa gurasa a shayi mai madara, ta zauna tsakanin ƙafafunta a taje mata kai. Goshin ubanta ne da ita, har da yadda yake tura leɓe idan ya yi fushi. Abir kuma tana takaba a benenta, takan sauko ta yi wa surukarta girki ta shafa mata mai a ƙafa, amma da ta ji takun Tamir a matattakala sai ta ja 'yarta ta haye. Ya roƙe ta ta yarda a ɗauke ta, ya turo Nirmin, ya ce ko bayanta ne a ɗauka. Ta ce mijinta ba kayan talla ba ne. Wannan maganar ta tsaya masa a wuya.

Alhamis ta farko mata suka toya gurasar rahama aka tafi maƙabarta a raba wa mabukata, kamar yadda aka saba. Ummu Midhat ta shiga ta yi sallama ga mutanen kabari, ta nufi wurin ɗanta, sai Tamir ya ce ta yi haƙuri ta koma bakin ƙofa ta sake shigowa, rana ta kashe masa hoton. Ta koma. Makahon da ke karatu a gindin kabari, da aka raɗa masa ana ɗauka, sai ya ƙara murya yana jan ayoyi kamar a gidan rediyo.

Ba a jima ba mutane suka ƙoshi. Wata mawaƙiya ta rabu da mijinta, idanu suka koma can. Gada kuwa ko dutse ba a ajiye ba, an dai kawo wani tsohon jirgin an shafa masa fenti. Tamir ya riƙa dawowa daga aiki fuska a murtuke. Shugabansu ya ce masa a gaban yara ƙanana cewa Allah ya ajiye masa labari a cikin ɗakin uwarsa ya bari ya huce, wani da ba shi da ko takarda da ya ci wata guda da shi.

Wata safiya ya sauko shi kaɗai, ba fitila. Ya haɗa mata shayi da kansa, ya zauna a ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro, ya jingine wayar a jikin butar shayi. Ya ce hira kawai za su yi, ta ba shi labarin safiyar ranar.

"Wa ya tashe shi ran nan, Mama?"

"Abir mana. Wa zai tashe shi? Ya ce jikinsa ba daɗi, ta ce ya daure ya je, ga sallah ta matso yarinya ba takalmi."

"Da ba ta tashe shi ba fa?"

"Da yanzu yana nan zaune inda kake." Ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta ci gaba, ta ce amma kwana ne ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi. Ta ce Abir ba ta taɓa saɓa masa ba, kullum sai ta raka shi har bakin ƙofa da ƙunshin gurasa da wake, kuma tun da aka yi rasuwar ita ke riƙe da ita, ko 'yar cikinta sai haka.

Wannan na ƙarshen ba wanda ya ji shi. Abin da ya fita da la'asar guntu ne, ya tsaya daidai inda take share ido. A samansa an rubuta da jan rubutu cewa uwar gwarzon kogi ta fasa ƙwai: matarsa ce ta tura shi ga ajalinsa saboda takalmi.

Wallahi ban taɓa ganin mutane sun yi wa wata halitta taron dangi irin wanda aka yi wa Abir ba. Matan da ba su san ko hanyar garinmu ba suna tsine mata. Wani ya tono hoton bikinta ya zagaye zoben hannunta da jan layi. Wani malami mai shafi ya yi wa'azi a kan mata masu kwaɗayi, ya ambaci sunanta. Lambarta ta fita, wayarta ba ta huta ba sai da ta kashe ta. A gidan gurasar bakin layi, matar da suka yi makaranta tare ta tofar da yawu da ta ga Sundus, ta ce ga mai takalmin.

Ummu Midhat ba ta san komai ba sai da Ammu Shahata, uban Abir, ya zo. Wanzami ne a unguwar bayan tasha, mutum mai sanyi, shekara da shekaru ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kira 'yarsa ta haɗo kayanta.

Tsohuwa ta fito da dogara bango. Ta ce Abu Abir, lafiya? Yarinya tana takaba, ina za ta?

Ya miƙa mata wayarsa. Ta kalla har ƙarshe, ƙarshen da ba shi ne ƙarshen maganarta ba. Ta rantse masa da Allah, ta rantse da kabarin ɗanta.

"Hajja, bakinki ne ko ba bakinki ba ne?"

"Bakina ne, amma..."

"To ya isa. 'Yata ta gama takabarta a gidan da ba a sayar da ita."

Sundus ta riƙe rigar kakarta tana cewa Teta, yadda take kiranta, ita ma ta zo. Abir ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga ido ta dubi surukarta ba, suka fita.

Da Tamir ya dawo, uwarsa tana zaune a matattakala tana jiransa. Dalilai kam yana da su, buhu guda. Ya ce ba shi ke rubuta kanun labari ba, akwai masu wannan aikin a ofis. Ya ce bai ƙara mata ko kalma ɗaya ba, duk abin da aka ji ita ta faɗa. Ya ce ba wanda ke kallon dogon bidiyo yanzu, dole a rage. Ya ce mutane mantuwa gare su, nan da jibi wani abin zai taso. Ya ce in bai yi ba wani zai yi, gara na gida. Nirmin ta leƙo daga sama ta ƙara da cewa ita Abir ɗin da ta yarda an ɗauke ta tun farko ai da mutane sun san halinta, girman kai ne ya ja mata. Daga ƙarshe ya ce, yana kallon takalminsa, aikin nan shi ke sayen maganin sukarinta.

Ta ce ya kunna wayar yanzu ta gyara maganarta. Ya kunna. Ta zauna ta gyara mayafi, ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, ta roƙi Abir gafara, ta roƙi mutane su ji tsoron Allah. Ya yi mata alkawari ba za a yanke ko numfashi ba. Bai yanke ba kuwa. Sai dai rubutun da ya hau kai cewa ya yi: uwar gwarzo ta janye maganarta tana rawar murya, shin surukai ne suka yi mata barazana? Kwana biyu bayan haka aka jefi madubin shagon Ammu Shahata da dutse, masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa.

Ta tafi unguwar bayan tasha da kanta, da ƙafafun nan nata, ɗauke da 'yar tsanar da Sundus ta manta a ƙarƙashin matashi. Ta ƙwanƙwasa. Uwar Abir ta amsa ta bayan ƙofa, ta tambaya ita kaɗai ce ko da mai ɗauka a bayanta. Ta ce ita kaɗai ce. Matar ta ce ai haka ita Hajjar ta zata ranar da aka yi hirar shayi ma. Ba a buɗe ba. Ta ajiye 'yar tsanar a bakin ƙofa ta juyo.

Tun daga ranar ta daina taɓa abinci sai an matsa. Ta daina buɗe taga. In ta ji takun Tamir sai ta juya fuska bango, shi kuma ya tsaya a ƙofa ya ce Mama kina azabtar da kanki a kan abin da ya wuce, ya haye. Takan farka da safe ta kai hannu bayanta inda Sundus take kwana, ta taɓa katifa.

Da arba'in ta zo, ta yi lissafinta. Ta san Abir ba za ta ƙi zuwa kabarin mijinta ba, kuma ta san ba za ta zo lokacin da dangi ke taruwa ba. Don haka da gari ya waye, kafin a sauke tukunyar wake a bakin layi, ta saka baƙar rigarta ta lallaɓa ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta san Nirmin tana shanya a baranda ba.

Lissafinta ya yi daidai. Abir tana durƙushe tana yayyafa ruwa a kan kabari, Sundus tana riƙe mata da buta. Yarinyar ta rame, an yanke mata gashin da kakarta take tajewa. Ummu Midhat ta tsaya nesa kaɗan. Abir ta ɗago ta gan ta. Ba ta tashi ba, ba ta kuma gudu ba, ta dai sunkuyar da kai, kuma tsohuwa ta ga kamar akwai sauran wuri a zuciyar Abir. Ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe hannuwa.

"Sundus. Zo, ran Teta. Zo in ji ɗuminki."

Yarinyar ta saki butar, ta koma bayan uwarta, ta leƙo da ido ɗaya.

"Ke ce ta cikin waya. Ke kika ce Mama ta kashe Baba."

Abir ta toshe mata baki da sauri, ta ce ba a faɗin haka, kakarki ce. Har ta kama hannun yarinyar za ta turo ta gaba. A nan ne idonta ya sauka a kan wani abu bayan kafaɗar tsohuwar, fuskarta ta sauya. Ummu Midhat ta waiwaya. Tamir ne a raɓe bayan wani dogon kabari, gwiwa ɗaya a ƙasa a kan mamacin mutane, ya ɗaga waya da hannu biyu don kada ta girgiza.

Abir ta dubi surukarta, kallon da ya fi zagi. Ta ce, a hankali, "Har da yarinyar, Hajja?" Ta saɓi 'yarta ta fita ta ƙaramar ƙofa, butar ma ba ta ɗauka ba.

Tsohuwa ba ta iya tashi ba sai da mai gadin maƙabarta ya kama ta. Tamir ya matso zai riƙe ta, ta janye hannunta. Ya biyo ta yana cewa wannan ne zai wanke kowa, mutane za su ga tana son jikarta, ta bari ta gani. Sannan ya ce yana da taro a ofis, ya tsayar mata da ƙaramar bas, ya biya, ya juya yana danne-danne.

Kafin bas ɗin ta kai gadar jirgin ƙasa, matar da ke kusa da ita ta fara sharɓe. Waya ce a hannunta, muryar Sundus tana fitowa daga ciki, siririya, an sa mata kiɗan tausayi a ƙasa. Matar ta ja tsaki ta ce dubi yadda muguwa ta cusa wa yarinya ƙin kakarta. Sai ta dubi tsohuwar da ke gefenta, ta sake duban waya, ta dafe ƙirji. Ta ce wallahi ita ce, jama'a ga Ummu Midhat a motarmu. Ta rungume ta, ta sumbaci goshinta, ta ce kullum sai ta kalle ta take iya barci. Sannan ta ɗaga wayar sama, ta manna kumatunta a na tsohuwar, ta ce ta ɗan dubi nan.

Ammu Shahata ya rufe shagonsa, ya kwashe iyalinsa zuwa wajen ɗan'uwansa a can kudu, ba su bar wa kowa adireshi ba. Ummu Midhat tana nan a ɗakinta na ƙasa, ba ta magana in akwai waya a ɗaki, ko ta likita ce. Tamir kuwa an ba shi kujera da tebur nasa. Yanzu shi ke tara yara da safe. Ɗaliban jarida ma ana turo masa su daga jami'a su koyi aiki, mukan gan su suna jiransa a bakin layi da 'yan jakunkunansu, yara masu ladabi, kowannensu da uwa a gida.